Hannun da Aka Ce Yana Rawa

Mahaifina mutum ne mai alfahari da hannunsa. Ba shi da gonar a zo a gani, bai yi boko ba, karatun allo ma iyakarsa abin da zai yi salla da shi. Amma in aka zo maganar wuƙa ko bindiga, duk ƙauyenmu da ke bayan kamfanonin Challawa babu na biyunsa. A kamfanin fata yake aiki, a sashen da ake kankare kitse da ragowar nama daga jikin fata kafin ta shiga inji. Aiki ne da in hannu ya zame kaɗan sai fata ta huje, ta tashi daga aiki. Baba yakan ce tun da ya shiga kamfanin bai taɓa huda fata ba, kuma ban taɓa jin wanda ya ƙaryata shi ba. Kullum da warin jima yake dawowa gida, irin wanda sabulu ba ya fitarwa, har Inna takan tsokane shi ta ce ita dai ƙirgi aka aura mata.

Ranar Babbar Salla kuwa ba ma ganinsa sai azahar. Daga masallacin idi zai fara bin gidaje da wuƙarsa a naɗe cikin tsumma, magidanta na tsaye riƙe da ragunansu suna jiransa, alhali kowa da wuƙarsa a gida. Cewa suke yankan Baba ba ya wahalar da dabba. Haka ma in an yi haihuwa, shi ake aika wa ya zo ya yanka ragon suna. Ni ce babbar 'yarsa, ni nake wanke masa wuƙar in ya dawo, kuma ina yi ina jin kaina kamar 'yar sarki.

Yana da amini guda, wanda muke kira Baffa. Tare suka yi kiwo suna yara, tare suka koyi harbi da bindigar adaka, irin wadda maƙera suke haɗawa ana ɗura mata albarushi ta baki. Baffa a wata masaƙa yake aiki a Sharada. Shi mai surutu ne, Baba kuwa miskili, sai ka rasa abin da ya haɗa su. In rani ya yi, ranar hutu sukan hau babur ɗaya su yi kudu, can dazuzzukan da suka sani tun suna samari, su dawo da zabi ko zomo, in an yi sa'a gada.

Bindigar da ta raba su wani Bature ne ya kawo ta. Injiniya ne a kamfanin su Baba, mai son farauta, kuma Baba ne ke yi masa jagora a daji. Da zai koma ƙasarsu sai ya bar wa Baba bindigarsa kyauta. Ranar da ta shigo gidanmu maharban ƙauye suka cika zaure, kowa na son ya taɓa. Doguwa ce, itacenta na sheƙi, tana da wani ɗan makulli a gefe da ake turawa ya hana ta tashi. Baba ya ɗinka mata kube na fata da hannunsa. Ba ya ba kowa aronta sai Baffa, shi kuwa ya harba ta har ba adadi.

Ina budurwa lokacin da abin ya faru. Da rana tsaka ne, sun gaji sun nufi inuwar wata tsamiya za su huta. Baba ya tsaya zai cire harsashi, don ba ya zama da bindiga a ɗure, kuma ba a cire shi sai an buɗe wannan makullin. Yana tura makullin da babban yatsa bindiga ta tashi. Baffa na gaba kaɗan, ya sunkuya yana kwance jarkar ruwa daga babur. A gwiwa ta same shi. Baba ya ɗaure ƙafar da rawaninsa, ya goya shi har bakin titi. Rai ya tsira, amma a asibiti likitoci suka yanke ƙafar daga cinya.

Da Baba ya shigo gida rigarsa duk jini, kafin ya nemi ruwa, kafin ya zauna, abin da ya fara cewa shi ne, "Wallahi yatsana bai taɓa kunamar bindigar ba."

Ya faɗa wa Inna, ya faɗa wa dagaci, ya faɗa a gaban sarkin maharba da jama'arsa. Ba wanda ya ce masa ƙarya yake, ai mutanenmu ba sa yin haka gaba da gaba. Sai dai a sunkuyar da kai a ce, "Ƙaddara ce, Malam, ka yi haƙuri." In ya ba da baya a ce bindiga ba ta tashi da kanta. Da adaka ce da sun yarda, don sun san halinta, ta sha cin yatsun masu ita. Amma bindigar Turawa, wadda ta zo a jirgi? Ai wannan ba ta kuskure. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Mutanen da suka san Baba tun yana tsumman goyo, sun gwammace su gaskata ƙarfen da ba su san maƙerinsa ba.

Maharban wajenmu suna da al'adarsu: bindigar da ta sha jinin mutum ba ta ƙara zama a gida, don sun ce ta ɗanɗana, za ta nemi ƙari. Sarkin maharba ya ce a kai ta maƙera. Baba bai yi musu ba, da kansa ya ɗauke ta ya kai. Ya tsaya aka jefa itacen a wuta tare da kuben da takardunta, maƙeri ya gutsuttsura ƙarfen, aka zuba guntayen a kogin Challawa. A lokacin kowa ya ce an yi daidai, har da ni.

Baffa kuwa tun yana kan gadon asibiti ya kama hannun Baba a gaban 'yan dubiya ya ce, "Na yafe maka duniya da lahira." Wurin ya ɗauki kabbara, mata suna share hawaye. Sai Baba ya ce, "Na gode, Allah ya saka. Amma ka sani ban taɓa kunamar ba." Shi ke nan aka samu abin yi da shi. Wai an yi masa alheri bai iya karɓa ba, wai girman kai. Ni ma sai da na girma na gane abin da ke ci masa rai. Wanda aka yafe wa, ai an riga an yanke cewa ya yi. Baba so yake a yarda da shi, kuma wannan ne kawai Baffa bai ba shi ba.

Da Salla ta zagayo, Baba ya wasa wuƙarsa tun jajibere kamar yadda ya saba. Ya dawo daga idi ya zauna a zaure yana jiran 'yan aike. Ba wanda ya zo. Muna jin kukan raguna a maƙwabta yana yankewa ɗaya bayan ɗaya. Magana ta riga ta zagaya cewa hannunsa rawa yake, bai ma san yana yi ba. Can sai ga wani maƙwabci ya yi sallama, ashe Inna ce ta aika a kira shi ya yanka mana namu. Ta leƙo zaure murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Malam, bana ka huta." Ba da mugunta ta yi ba, tsoro take kada wuƙa ta zame a ƙara samun abin faɗa. Baba ya dube ta, ya naɗe wuƙar a tsummanta, ya soka a rufin zaure. Shekara da shekaru ban ƙara wanke ta ba.

A kamfani ma suka ɗauke shi daga kan fata suka mayar da shi bakin ƙofa, yana buɗe wa motoci, har ya yi ritaya. Baffa ya bar masaƙa, daga baya babban ɗansa da ke aiki a Bompai ya ɗauke shi ya mayar da shi wurinsa a Hotoro. Duk Salla Baba yakan je gaishe shi. Su gaisa, su yi maganar damina, in zai tafi Baffa ya ce, "Ka saki ranka, na yafe." Da fari Baba yana mayar da amsarsa, daga baya ya daina. Inna ta rasu a cikin waɗannan shekarun. Ta tafi tana son mijinta, tana tausayinsa, kuma tana ganin hannunsa ne ya zame.

Ni na yi aure, na haihu, na samu aiki a wani kamfanin roba a Sharada, ina duba bokitai da kujeru kafin a loda su. Wata rana aka ce ana sallama da ni a bakin ƙofa. Tsohon direban kamfanin su Baba ne, wanda ke tuƙa Baturen nan a da. Ya miƙo mini wayarsa ya ce saƙo ne ya zo, shi kuma Turanci ba ya masa daɗi.

Da farko murya ce, ta Baturen, ya tsufa, da Hausarsa ta 'yan koyo. "Ka gaya wa maharbi, bindiga ba lafiya. Kada ya harba. Ka gaya masa yau." Bawan Allah bai san komai ba. Kamfanin da ya ƙera bindigar ne ya nemo shi, don sunansa ne a wurinsu, shi kuma ya tuna da Baba ya yi ta neman wanda zai isar. A ƙasan muryar akwai hoton sanarwar kamfanin, da Turanci. Na tsaya a rana ina karantawa. Sun ce sun gano wasu daga cikin bindigoginsu suna da matsala a kunama, ta yadda bindiga kan iya tashi ba tare da an ja ta ba, musamman lokacin da ake buɗe makulli. Duk mai irinta ya daina amfani da ita nan take, ya mayar musu su sauya kunamar. Suna kuma ba da haƙuri game da ɗawainiyar da hakan zai jawo.

Ɗawainiya! Na ji kamar in buga wayar da ƙasa, sai na tuna ba tawa ba ce. Ni Allah bai yi ni da haƙurin Baba ba. Na tsaya a ƙofar kamfani ina zagin mutanen da ban sani ba, da Hausar da ba za su taɓa ji ba, direba na cewa, "Yi a hankali, 'yar nan, mutane na kallo." Wannan ai shi ne ihu bayan hari. Ƙafar Baffa ta daɗe da zama ƙasa, su kuma suna can suna kiran a kawo musu ƙarfe su gyara.

Da na huce na sake karantawa, sai na ga da sauran magana. Ba duk bindigogin ba ne, wasu ne kawai, kuma ana ganewa ne da lambar da ke jikin ƙarfen. Lambarmu tana ƙarƙashin kogi, ruwan kamfanoni yana bi ta kanta. Amma a ƙasa sun ƙara da cewa wanda bai ga lamba ba ya duba fuskar kunamar, inda yatsa ke kwanciya. In tana da tsaga-tsaga, lafiyarta ƙalau. In sumul take, tana cikin masu matsalar.

Na sa direba ya turo mini saƙon a wayata, na nemi izini na tafi Challawa. Na tarar da Baba a ƙofar gida kan tabarma, ya tsufa, idonsa ya fara hazo. Na durƙusa na gaishe shi. Ban faɗa masa komai ba tukuna, don ina tsoron amsar.

Na ce, "Baba, kun tuna kunamar bindigar nan? Yaya fuskarta take, inda kuke sa yatsa?"

Ya daɗe yana dubana, don ba a ambaton bindigar a gidanmu. Sannan ya rufe ido, ya lanƙwasa ɗan alinsa a iska. "Sumul," in ji shi. "Kamar bayan cokali."

Na fashe da kuka a nan bakin hanya. Da ƙyar na karanta masa, ina mayarwa da Hausa. Na zata zai yi kabbara, ko ya tashi ya nufi gidan dagaci. Bai motsa ba. Ya sa na maimaita masa wurin makullin, sannan ya ce, "Maganata ba shaida ba ce, 'yata. Na daɗe ina faɗa. Baffanki ya harba ta. In shi ya faɗa, to."

Washegari muka ɗauki adaidaita sahu muka ratsa gari zuwa Hotoro. Baba ya sa babbar rigarsa ta zuwa idi. A hanya ya ja kunnena kada in gaya wa Baffa wace amsa ce mai kyau, in tambaye shi kawai.

Mun same shi a barandar gidan ɗansa, sandunansa jingine da bango, carbi a hannu. Ya yi murnar ganinmu, ya tsokane ni wai na yi ƙiba na manta da shi. Da aka gama gaisuwa na ce, "Baffa, tambaya na zo da ita, ku yi haƙuri da ita. Bindigar nan ta Bature, kunamarta tsaga-tsaga gare ta ko kuwa?"

Fuskarsa ta canza. Ya dubi Baba, Baba na kallon ƙasa. Ya ce, "Me ya kawo wannan kuma? Maganar da aka binne." Na ce ya daure. Sannan ya ce, "Babu wata tsaga. Santsi gare ta. In na yi gumi har zame mini take."

Na karanta masa. Na kunna masa muryar Baturen ma. Ya saurara har ƙarshe, carbin ya tsaya a hannunsa. Ina jiran ya rungumi Baba, abin da na yi ta hasashe a hanya ke nan. Maimakon haka sai ya dafa dungulmin cinyarsa.

"To ni wa na yi ta yafe wa?" in ji shi. "Duk safiya in na laluba na ji babu ƙafa, sai zuciya ta taso mini. Sai in ce na yafe wa ɗan'uwana don Allah, Allah ya yafe mini nawa. Da wannan nake tashi. Ba ni da hajji, ba ni da dukiyar sadaka, shi ke nan guzurina. Yanzu kin ce babu komai a wurin? Kamfani zan yafe wa? Ina na san shi?"

Ya sa hannu ya rufe fuska. Ban taɓa ganin Baffa yana kuka ba, ko a asibiti.

Sai Baba ya matsa kusa da shi, ya dafa kafaɗarsa. Ga maganar da ya yi shekaru yana jira ta iso har hannunsa, ina ji ina gani ya mayar da ita. Ya ce, "Haba, mutumina. Wa ya shigo da bindigar ƙauye? Ni. Da zan buɗe makulli, ina bakinta yake kallo? Inda kake. Maharbi ba ya haka. Yafiyarka tana nan a wurinta, kada ka janye mini ita, ina bukata."

Baffa ya kama hannunsa ya riƙe. Da za mu tafi bai ce ya yafe ba, kuma bai ce ya yarda ba.

A cikin adaidaita na buɗe wa Baba wuta, Allah ya yafe mini. Na ce mun ratso gari don a wanke shi, shi kuma ya je ya ƙara shafa wa kansa. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Ni da ƙafafuna biyu na zo, da su zan koma. Me zan ƙwace a hannunsa kuma?" Sai da muka fara jiyo warin kamfanonin fata ya ce, kamar da kansa yake, "Da dai uwarki ta ji."

Ni ban yi shiru ba. Na kai labarin gidan dagaci, na kai wa sarkin maharba na yanzu, don na wancan lokacin ya rasu. Aka yi ta salati, aka ce Allah mai iko. Rabin waɗanda suka yi maganar suna kabari, sauran kuma kowa ya ce shi dama bai taɓa zargin Baba ba.

Ranar Babbar Salla ta wannan shekarar, mun dawo daga idi ke nan sai ga mota ta tsaya a ƙofar gidan Baba. Ɗan Baffa ne, da rago fari a baya, tun daga Hotoro. Ya durƙusa ya ce, "Babanmu ya ce a kawo muku layyarsa. Ya ce bana ba wanda zai yanka masa sai ku."

Baba ya miƙe ba tare da an taimaka masa ba. Ya ce in ɗauko masa wuƙarsa. Na taka turmi na zaro ta daga rufin zaure, tsumman ya ruɓe, ita kuma ta yi tsatsa. Ya zauna ya wasa ta a kan dutse har ta yi fari. Maƙwabta suka fara taruwa. Aka kayar da rago aka fuskantar da shi alƙibla, mijina da ɗan Baffa suka danne.

Baba ya tsuguna, ya kama haɓar ragon da hagu, ya ɗaga wuƙar. Sai na ga bakinta yana kaɗawa. Ya sauke, ya goge tafinsa a riga, ya sake ɗagawa. Hannun ya ƙi tsayawa. Tsufa ne, ya daɗe yana zubar da shayi in ya ɗauki kofi, mu ne muke yi kamar ba mu gani ba. Ya tsaya yana kallon hannun. Wani ya ce, "Bismilla kawai, Malam, ai za ta yi." Baba ya girgiza kai, ya ce ba zai wahalar da dabba ba. Ya juya wuƙar ya miƙa wa mijina ta ƙota.

Bayan an gama, ɗan Baffa ya matso ya ce a hankali, "In ya tambaya zan ce ku kuka yanka."

Baba ya ce, "A'a. Ka gaya masa na gode, saƙonsa ya iso. Ka kuma gaya masa gaskiya, ka ce yanzu kam rawa yake."

Na karɓi wuƙar na kai bakin rijiya na wanke.